Tambaya da Amsa: Wa Ke Yanke Gefen Hoton Gem Ɗinka?

Wasiƙun da suka zo wa wannan fili a 'yan makonnin nan kusan duk kuka ɗaya suke yi. An zuba tsofaffin wasannin akwati, irin waɗanda ake jefa wa kwandala a gidajen wasa na Japan da Amurka, a cikin kwamfuta ko waya. Wasa ya tashi lafiya, sauti na fita, amma hoto ya ƙi zama daidai. Wani an yanke masa sama, wani ƙasa, wani kuma 'yan damben cikin wasan sun kumbura. Mun tsamo shida daga ciki.

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon gem. Na haɗa kwamfuta da filasma mai inci 32 ta wayar HDMI, na sa MAME. Idan aka kunna Street Fighter II, makin da ke can sama rabinsa ake gani, rubutun ƙasa ma ya shige. Na canza rezolushan ya fi sau goma, abu ya ƙi gyaruwa. Ina matsalar take?
*Mai shagon gem, daga Kano*

Wa'alaikumus salam. Malam, ka dakata da canza rezolushan, wato adadin ɗigon hoto, tukuna, don da wuya a can matsalar take. Hoton da kake gani hannu huɗu yake bi kafin ya iso idonka: wasan kansa, emuleta wato manhajar da ke kwaikwayon akwatin (a nan MAME ce), katin hoto na kwamfuta, sai talabijin. Kowanne a cikinsu yana iya yanke gefe, kuma maganin kowanne daban. Aikin farko shi ne gano mai laifi.

Ka rufe MAME ka koma fuskar Windows. Dubi dogon layin nan na ƙasa mai ɗauke da agogo. Idan agogon ya nutse, ko maɓallin Start ya shige gefe, to babu ruwan emuleta, talabijin ce ke yanka. Bisa yadda ka kwatanta, sama da ƙasa duk sun taɓu, mun fi zargin ta.

Dalilin tsohon abu ne. A zamanin talabijin mai ƙeya, gefen hoton da tasha ke aikowa ba shi da tsabta, kuma girman hoto yana ɗan motsawa idan akwatin ya ɗau zafi ko wuta ta yi sama ko ƙasa. Sai masu ƙera talabijin suka riƙa faɗaɗa hoton ya wuce bakin gilashi don a ɓoye dattin. Wannan shi ake kira obasikan. Filasma ba ta bukatarsa, amma ta gaje shi, kuma da yawa a kunne suke zuwa da shi. Yawanci tana cin kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100 a kowane gefe. A fim ba wanda zai lura. A wasan da layukansa 224 ne kacal daga sama zuwa ƙasa, wannan ya kai layi biyar ko shida a sama, haka a ƙasa, kuma a daidai nan ne masu wasan suka rubuta maki da adadin kuɗin da aka jefa.

Ka ɗauki rimot ka shiga saitin hoto, ka nemi wurin girman hoto. Kowane kamfani da sunan da ya ba abin. A LG, Just Scan. A Samsung, Screen Fit ko Fit to Screen. A Sony, Full Pixel. A Sharp, Dot by Dot. A wasu za ka ga kalmar Overscan kanta, sai ka kashe ta. Ka guji duk abin da aka rubuta Zoom, Wide Zoom ko Cinema, don su ma yanka suke yi, har sun fi. Ka lura cewa yawancin talabijin suna ajiye wannan saitin ne ga kowace kafar HDMI daban, don haka idan ka mayar da waya daga kafa ta 1 zuwa ta 2 sai ka sake.

Akwai ƙananan filasma masu araha da ba su da wannan zaɓin ko kaɗan. Idan taka irinsu ce, ga dabaru uku bi da bi. Na farko, idan talabijin tana bari a sa wa kafa suna, ka sa wa wadda kwamfuta ke ciki suna PC, domin da yawa suna daina obasikan da zarar sun san kwamfuta ce. Na biyu, ka sa Windows ta aika 1360x768 ko 1366x768. Irin waɗannan talabijin suna ɗaukar 1280x720 da 1920x1080 a matsayin hoton tasha su faɗaɗa shi, amma 1360x768 girman kwamfuta ne, sau da yawa sukan bar shi yadda ya zo. Na uku, idan tana da kafar VGA, gwada ta.

Idan duk sun ƙi, sai a koma katin hoto a ce ya ɗan tsuke hoton kafin ya aika. A katin NVIDIA yana ƙarƙashin Adjust desktop size and position, a AMD akwai HDMI Scaling, Intel ma tana da nata a saitin nuni. Yana aiki, amma mun sa shi a ƙarshe da gangan: kati ya rage hoto, talabijin ta sake buɗa shi, an taɓa shi sau biyu ke nan, kuma rubutu zai ɗan dusashe.

To idan agogon Windows yana nan cif, wasan ne kaɗai ake yankewa fa? Sai ka kunna wasan ka danna Tab, ka shiga Slider Controls. Akwai layuka huɗu da suka shafi faɗi, tsayi, da matsar da hoto hagu da dama ko sama da ƙasa. Na faɗi da na tsayi su kasance a 1.000, na matsarwa a 0.000. A shago, inda hannu da yawa ke taɓa allon rubutu, ba abin mamaki ba ne a tarar wani ya motsa su. MAME tana ajiye wannan a folda mai suna cfg, kowane wasa da fayil ɗinsa. Idan ka goge fayil ɗin cfg na wasan da ya lalace, komai zai koma yadda yake tun farko, sai dai maɓallan da ka saita wa wannan wasan su ma za su tafi, ka shirya sake su.

Na karanta cewa hoton Final Fight da Cadillacs and Dinosaurs ɗigo 384 ne a kwance, 224 a tsaye. Shin in mayar da kwamfutata wannan girman ne don hoto ya fito yadda yake na asali, ko in zaɓi 640x480? Monitata 1920x1080 ce.
*Ɗalibi, daga Zariya*

Alƙaluman da ka kawo daidai ne. Duk wasannin da kamfanin Capcom ya yi a kan allonsa na CPS-1, wanda ya fito a 1988, da CPS-2 da ya biyo baya a 1993, girmansu ke nan. Amma kada ka mayar da kwamfuta 384x224, kada kuma ka zaɓi 640x480. Ka bar ta a 1920x1080.

Monita mai ƙeya ba ta da ƙayyadadden adadin ɗigo. Haske ne ke gudu yana zana layi bayan layi, ko nawa aka ba ta. Monitar zamani kuwa kamar tabarma ce da aka riga aka saƙa: ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, ba ƙari ba ragi. Duk abin da ka aika mata wanda bai kai haka ba, ita za ta ja shi da kanta ta cika fuska, kuma jan da monita ke yi ya fi na emuleta muni nesa ba kusa ba. Hoto ya yi laushi kamar an shafa masa mai, wani lokaci a samu jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi, wani lokaci ma ta rubuto cewa ba ta gane siginar ba. Saboda haka a fayil ɗin mame.ini ka tabbata layin switchres yana kan 0, layin resolution yana kan auto. Idan ba ka ga fayil ɗin ba, umarnin mame -createconfig zai ƙirƙiro shi.

Wani gargaɗi ga masu filasma inci 32: da yawansu suna karɓar 1920x1080, har Windows ta nuna shi a jeri, alhali ainihin gilashin 1366x768 ne. Karɓa daban, nunawa daban. A duba takardar talabijin ko lambar da ke bayanta a san gaskiyar girmanta, a aika mata shi.

Yanzu ainihin zaɓin da ke gabanka shi ne yadda emuleta za ta ninka layi 224 su hau kan 1080. Raba 1080 gida 224, za ka samu 4.82. Ba ya rabuwa cif, kuma daga nan duk rigimar take. Hanya uku ce.

Ta farko, a bar emuleta ta cika tsayin fuska. Ba a yanke komai ba, babu baƙi sama da ƙasa, amma tunda ba a raba ɗigo, wasu layukan wasan za su samu ɗigo 5 wasu 4. A tsaye ba ka gani sosai. Da zarar hoto ya fara tafiya sama ko ƙasa, sai ka ga yana ɗan rawa kamar ana kallon sa ta cikin ruwa. Tace hoto da zaɓin filter yana ɓoye rawar amma yana kawo dusashewa.

Ta biyu, a ninka sau 4 cif. 224 sau 4 ya ba da 896. Kowane layi ya samu ɗigo huɗu daidai wa daida, hoto ya fito tar, sai dai za a bar baƙi na ɗigo 92 a sama, 92 a ƙasa.

Ta uku, a ninka sau 5. Ya ba da 1120, ya wuce fuska da ɗigo 40, wato layin wasa 8, huɗu a sama huɗu a ƙasa. Yanka ne, amma yanka ne da kai ka zaɓa kuma ka san iyakarsa. Monitocin akwatunan asali ma sukan ɓoye kusan haka a bayan firam.

Ga wasannin layi 224 a kan 1080, mu mun fi son ta uku idan wasan bai ajiye komai a can bakin gefe ba, in kuwa ya ajiye sai ta biyu. Amma kada a ɗauki wannan a shafa wa kowane wasa. Mai layi 240 idan aka ninka sau 5 ya zama 1200, an yi asarar layi 24, goma sha biyu a kowane ɓangare, kuma nan layin jinin 'yan wasa da maki za su tafi. Shi sau 4 ya dace da shi, 960. Wanda ke da fuska mai tsayin 720 ya huta da masu layi 240, don sau 3 ne cif, haka mai 1440 sau 6, mai 2160 sau 9. A kan 768 kuwa, 224 sau 3 ya ba da 672, da baƙi 48 sama da ƙasa.

A mame.ini ana yin haka ne da layuka kaɗan. Ka bar keepaspect a 1. Ka sa unevenstretch a 0, unevenstretchx a 1. Ma'anarsa, a tsaye sai ninki cikakke, a kwance kuwa a ja yadda siffar hoto ta bukata. Idan ninki biyar kake so, ka sa intscaley a 5, intoverscan a 1. A RetroArch, wata manhajar emuleta, ƙarƙashin saitin Video akwai Scaling, a nan za ka kunna Integer Scale, kuma akwai zaɓin da ke barin ninkin ya wuce fuska. Bayan ka daidaita wasa, ka ajiye saitin a matsayin na wannan wasan kaɗai ta Overrides, in ba haka ba gyaran Final Fight zai ɓata maka wani.

Kafin ka yi lissafi, ka san layin wasan. MAME tana nuna girman hoto da saurin sabunta shi a shafin bayanin da ke fitowa kafin wasa ya fara, kuma ana iya sake ganinsa ta Tab.

Ni ba a yanke mini komai ba, amma yarana sun ce baƙin da ke hagu da dama ɓarnar talabijin ne, sai suka cika fuskar. Yanzu mutanen cikin wasan sun zama gajeru masu faɗi. Babban ya ce ai 384 da 224 kusan siffar filasma ce, don haka daidai ne. Wa ke da gaskiya?
*Wata uwa, daga Maraɗi*

Hajiya, idonki ya fi lissafin yaron gaskiya, ko da yake ya yi tunani mai kyau. Idan aka raba 384 gida 224 ana samun 1.71, filasma kuma 16:9 ce, wato 1.78. Sun yi kusa, shi ya sa mutane da yawa ke faɗawa wannan ramin. Abin da ya ɓace masa shi ne ɗigon waɗannan wasanni ba murabba'i ba ne. Monitar akwatin 4:3 ce, kuma a cikinta ake matse ɗigo 384 ɗin, sai kowane ɗigo ya fito siriri, tsayinsa ya fi faɗinsa. Masu zanen Capcom sun san haka, da wannan matsin a ransu suka zana. Idan aka buɗe hoton, an warware abin da suka yi lissafinsa.

Ki sa su gwada da idonsu. A MAME, danna F2 yana shiga shafin gwaji na akwatin, wanda masu gidajen wasa ke amfani da shi. A wasannin Capcom da na Neo Geo, allon kamfanin SNK, akwai gwajin raga, layuka a tsaye da a kwance. A Neo Geo, idan siffa ta yi daidai, gidajen ragar za su fito kusan murabba'i. Idan an ja hoto, za su kwanta kamar bulo. Wannan ragar ita ce kuma hanya mafi sauri ta ganin ko an yanke gefe, don tana da layin iyaka a kewaye.

A fuska 1920x1080, hoton 4:3 da ya cika tsayi faɗinsa 1440 ne, baƙi 240 a hagu, 240 a dama. Haka ya kamata ya kasance. A MAME keepaspect 1, a RetroArch a sa Aspect Ratio a Core Provided ko 4:3.

Abu ɗaya da za a kiyaye: wuri ɗaya ake gyara siffa. Idan emuleta ta riga ta yi 4:3, a bar talabijin a cikakken faɗinta. In aka sake sa ta a 4:3 da rimot, an matse sau biyu, mutanen za su koma sirara kamar kara. Idan baƙin ne ya dami yaran, ana iya sa hoton firam na ado ya rufe shi, duk manhajojin biyu suna karɓa.

Ina amfani da WinKawaks a laftof. Idan na cika fuska, kusurwar hagu ta sama kawai nake gani, dama da ƙasa sun fice.
*Daga Kumasi*

Yankan da ya ci dama da ƙasa kaɗai, ya bar hagu da sama, ba na talabijin ba ne. Windows ce. Laftof da yawa suna zuwa da ƙarin girman rubutu na kashi 125 ko 150, tsofaffin manhajoji irin su emuletar WinKawaks kuma an rubuta su tun kafin wannan tsari, sai Windows ta kumbura su su wuce fuska. Danna dama a kan fayil ɗin manhajar, shiga Properties, sai Compatibility, sai Change high DPI settings. Ka sa alama a Override high DPI scaling behavior, ka zaɓi Application. Rufe ka sake buɗewa. Idan ka samu dama ka koma FinalBurn Neo ko sabuwar MAME, suna ɗaukar wasannin nan duka kuma ba su da wannan ciwon.

Ina da tsohuwar talabijin mai ƙeya inci 21, na haɗa ta da ƙaramar kwamfutar nan, Raspberry Pi 3, ta wayar nan mai kai rawaya. Metal Slug yana fita da kyau. Amma Mortal Kombat an yanke sama da ƙasa sosai, kuma kamar yana sauri. Wani mai gyara ya ce in kawo ya buɗe ta ya rage hoton daga ciki. In kai?
*Daga Jos*

Ka riƙe talabijin ɗin nan da kyau, ita ce mafi kusa da abin da aka yi wasannin dominsa. Amma kada ka kai a buɗe ta saboda wasa ɗaya.

Bambancin wasannin biyu a lamba yake. Neo Geo, allon da SNK ta fitar a 1990 wanda Metal Slug ke kai, layi 224 yake zanawa, kusan sau 59.2 a sakan. Mortal Kombat na kamfanin Midway, na 1992, ɗigo 400 ne a kwance da layi 254, kuma kusan sau 54.7 a sakan. R-Type na Irem ma haka yake, layi 256 a kan sau 55. Kowane kamfani da yadda ya ga dama, domin kowane akwati da monitarsa, kuma a bayanta akwai 'yan maɓallan murɗawa da mai saitawa zai daidaita tsayi da faɗi ga wannan wasan kaɗai. Kai kuwa talabijin ɗaya kake so ta ɗauki ɗaruruwa.

Tsarin siginar talabijin iri biyu ne, NTSC da PAL. Siginar NTSC mai sau 60 tana da wurin layi 240 ne, kuma obasikan na talabijin yana cinye wasu daga ciki, ya bar maka wajen 224. Shi ya sa Metal Slug ya zauna daram. Layi 254 ba su da wurin shiga: 14 sun yi yawa tun kafin talabijin ta ci nata. Saurin da ka ji ma gaskiya ne. Idan aka ɗaure wasan sau 54.7 da fuska mai sau 60, zai yi gudu da ƙarin kusan kashi 10 cikin 100, har sauti ya ɗan tashi.

Ga abin da za ka iya yi ba tare da sukudireba ba. Talabijin da aka sayar a Najeriya PAL ce asalinta, mafi yawa kuma suna karɓar NTSC. PAL tana da wurin layi 288, a kan sau 50. A fayil ɗin config.txt na Pi 3, sdtv_mode=16 yana ba da NTSC mai layi 240 marar rawa, sdtv_mode=18 kuma PAL mai layi 288. Ka bar sdtv_aspect=1 don 4:3. A kan PAL layi 254 za su shiga gaba ɗaya, sai dai yanzu fuska ta fi wasan jinkiri, don haka ko dai wasan ya rage gudu idan aka ɗaure su, ko a sake shi ya yi gudunsa hoto ya riƙa ɗan tsalle. Ɗaya hanyar ita ce ka zauna a NTSC, ka shiga Scaling a RetroArch, ka sa Aspect Ratio a Custom, ka rage tsayin hoton har jinin 'yan wasa ya bayyana, ka ajiye wa Mortal Kombat shi kaɗai. Za a zubar da wasu layuka a tsakiya, rubutu zai ɗan gurgunce, amma ana ganin komai. Wayar rawaya ba ta da abin da ya wuce waɗannan biyun, dole a bar wani abu.

Idan gefen duk wasanni ne ke shigewa, har da jerin zaɓi, akwai layukan overscan_left, overscan_right, overscan_top da overscan_bottom a config.txt. Ka fara da 16 a kowanne, ka ƙara overscan_scale=1 don gyaran ya shafi emuleta ma, ka sake kunnawa ka duba, ka riƙa ƙara ko ragewa da huɗu huɗu. Mai amfani da filasma kuwa akasin haka zai yi, disable_overscan=1, don kawar da baƙin da Pi ke sawa a kewaye.

Wanda ke son kowane wasa ya fito da layinsa da saurinsa na asali, hanyarsa ita ce GroovyMAME, wani nau'in MAME, a kwamfuta, da katin AMD da direban CRT Emudriver, zuwa talabijin mai karɓar RGB ta kafar SCART ko monitar akwati ta gaske. Ita tana ƙirƙira wa kowane wasa siginarsa. Ko a nan, tsayin hoto a gilashi zai bambanta tsakanin mai 224 da mai 254, sai an zaɓi tsaka-tsaki. Kuma a kula: waɗannan monitoci layi kusan 15,700 suke zanawa a sakan, kwamfuta kuwa tana tashi ne da ninkin haka. Aika musu siginar kwamfuta kai tsaye yana iya ƙona su.

Game da mai gyara, idan ya rage tsayi don Mortal Kombat, duk sauran wasanni da tashoshi za su koma da baƙi sama da ƙasa. In dai har za a taɓa, talabijin da yawa na ƙarshen zamanin suna da ɓoyayyen saitin masu gyara da ake shiga da rimot, ba sai an cire murfi ba, kuma a rubuta kowace lamba a takarda kafin a canza ta. Kai da kanka kada ka buɗe bayanta. Kwalbar tana aiki da wuta sama da bolt dubu 20, kuma tana riƙe caji bayan an zare ta daga soket.

Ƙaramin akwatin nan da ake sayarwa mai mayar da HDMI zuwa wayar rawaya ba zai taimaka ba. Hoto mai rawa yake fitarwa, ya matse shi yadda ya ga dama, ya ƙara jinkiri.

Pac-Man da Galaga suna fitowa 'yan ƙanana a tsakiyar fuska. Da na kunna ninki cikakke na ƙara girma, sai maki ya ɓace. Sannan a wasu wasannin Neo Geo ina ganin datti a can gefen hagu da dama.
*Daga Garwa*

Pac-Man na 1980 da Galaga na 1981, duka na Namco, a tsaye aka kafa monitarsu cikin akwati. Hotonsu 224 ne a faɗi, 288 a tsayi, siffar 3:4. A fuskar da ke kwance mai tsayin 1080, iyakar faɗin da za su samu 810 ne, fiye da rabin fuska baƙi. Ba lalacewa ba ce. Ninki uku ya ba da 864. Ninki huɗu ya ba da 1152, ya wuce da ɗigo 72, wato ɗigon wasa 18, tara sama tara ƙasa, kuma harafin waɗannan wasanni tsayinsa ɗigo 8 ne. Ka ga inda makinka ya tafi. A wasannin tsaye kada ka bar ninki ya wuce fuska. MAME tana karanta fayil mai suna vertical.ini ga duk wasannin tsaye, sai ka sa intoverscan 0 da intscaley 0 a cikinsa, saitin wasannin kwance ba zai shafe su ba.

Idan monitarka tana juyawa a kan ƙafarta, juya ta tsaye ka sa autoror 1, ko autorol 1 idan hoton ya fito a kife. Zai kai 1080 a 1440. A waya abin ya fi sauƙi, riƙe ta a tsaye kawai, maɓallan taɓawa su zauna a ƙasan hoto maimakon su rufe shi.

Dattin Neo Geo kuwa daga wasan yake. Allon yana fitar da ɗigo 320 a kwance, amma wasanni da yawa 304 na tsakiya kaɗai suka kula da su, don sun san ɗigo 8 na kowane gefe za su ɓuya a bayan firam ɗin akwati. Emuleta tana nuna maka abin da ba a yi niyyar ka gani ba. Nan ne wuri ɗaya da yanka ke da amfani. A MAME ka shiga Slider Controls ka ɗaga faɗin hoto zuwa wajen 1.050, domin 320 a raba gida 304 ya ba da 1.05, sai gefen ya fice. Ka yi wa wasan da ke da dattin kaɗai, don akwai waɗanda ke amfani da 320 ɗin duka.